Ƙullin da Iska Ba Ta Ƙulla Ba

Waitahanui, 6 ga Fabrairu, 1984

Zuwa ga jikana Rewiti, sarkin alkawari,

Gaisuwa cike da kwando, da fatan ƙarar injinan Ostireliya ba ta gama toshe maka kunne ba, don dama can ba ka cika jin magana ba. Ni lafiyata ƙalau, in ka cire gwiwar hagu da ta fara yi mini gardama, da haƙorin nan guda na sama da ya ƙi faɗuwa saboda taurin kai irin na gidanku.

An tsayar da rana. Lahadi, sha bakwai ga Yuni, za mu buɗe dutsen kabarin Koro ɗinka, kakanka Eruera, ranar zai cika shekara guda da ya tafi ya bar ni da ku. Dankali akwai, raguna akwai, masu tona ramin dahuwa sun fi ramin yawa. Abin da babu shi ne kifi. Ka san kifin taraute ba a sayar da shi a ƙasar nan, wanda ya kama shi ke da shi. Shekara arba'in ba a yi taro a marae ɗinmu, dandalin taron dangi, babu ƙyafaffen kifin Eruera a kan tebur ba. Ba za a yi nasa taron da kifin gwangwani ba, ina raye.

Jiya Mihi, ƙanwar kakanka, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ka san rabonta da taka ɗakina shekara sha bakwai. Ta ce dangi sun zauna sun yanke: wanda sandar kamun kifin Koro take hannunsa, shi zai shiga ruwa ya tsaya a gurbinsa a shinge, inda masunta ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa a bakin kogi, ya kawo kifin taro. In ba zai iya ba, a miƙa wa ɗanta Tipene sandar, tunda shi yana nan kusa da tafki, ba can yake yana tuƙa motar duwatsu ba.

Na ce mata jikana in ya jefa igiya har tsuntsaye tsayawa suke yi kallo. Ƙarya na sharara, rabon da in ga jifarka tun kana ɗan shekara tara. To kai ka ɗauki sandar ranar jana'iza kana kuka da majina, ba wanda ya matsa maka. Ka fitar da ni kunya.

Kada ka ce za ka buga waya shago. Ba na jin komai a cikinta sai ƙugin teku. Ka rubuto.

Kakarka,
Ripeka

Kalgoorlie, 19 ga Fabrairu

Kui,

Kakata, na gaishe ki da kyau, Allah Ya sassauta gwiwar. Ni ina lafiya, sai zafi, har ƙarfen mota ba ya taɓuwa da rana.

Na nemi hutu an ba ni. Zan sauka Laraba sha uku ga Yuni, ke nan ina da asubar Alhamis da ta Juma'a a ruwa, Asabar a ƙyafe. Ki gaya wa Goggo Mihi sandar ta sami mai ita.

Nan babu kogi, babu ko kududdufi. A filin ƙwallon da ke bayan masaukinmu nake gwadawa kullum in na tashi aiki, na ɗaura ɗan ulu a madadin ƙudan gashin da ake yaudarar kifi da shi, don kada ƙugiya ta kama wani. Abokan aiki suna zama a kan benci suna tambayata ko ciyawa ta ci.

Sai dai akwai 'yar matsala, ba babba ba. Siririn zaren nan na ƙarshen igiya, wutsiya, yana yawan ƙullewa. Kafin in yi jifa goma na tarar da ƙulli biyu ko uku. Wani lokaci ma ulun yakan kama jikin igiyar su faɗo tare a dunƙule. Iskar garin nan ce, ba ta da alkibla. Wani Bature da ke awon ƙasa ya ce ko a ƙasarsu ƙullin iska suke ce masa. In na zo gida zai wuce.

Jikanki,
Rewiti

Waitahanui, 2 ga Maris

Rewiti,

Na gaishe ka, kai da iskar garinku, ka ce mata sannu da aiki. Gwiwa na nan yadda take. Tuffa ta nuna a bayan gida, tsuntsaye suna cinye rabonka.

Moko, jikana, laifi tudu ne. Shekara saba'in da uku ina shanya a igiya iska na kaɗawa, ban taɓa fitowa na tarar ta ƙulle mini ɗankwali ba. Iska ba ta da yatsu. Baturen nan naka ya tsaya ga awon ƙasarsa. Kuma kada ka ce mini ba babba ba ce: wutsiya mai ƙulli rabin ƙarfinta ya tafi, kifi mai nauyin jariri zai girgiza kai sau ɗaya ya tafi da ƙudanka a leɓe. A shinge kuwa in ka harɗe igiyarka, ta maƙwabcinka za ka harɗe, ta dama da ta hagu. Ba zaginka za su yi ba. Shiru za su yi su matsa, wannan shirun kuwa ya fi mari.

Aji huɗu na tsaya a makaranta, amma saurara. In ka jefa, igiya ba a miƙe take tafiya ba, a ninke take, ƙafa biyu: ta sama da ta ƙasa. Ta sama ita ke ɗauke da ƙuda, tana bi ta kan 'yar'uwarta har ta warware. In ta saman ta sunkuyo ta tsallaka ƙarƙashin ta ƙasa, shi ke nan sun harɗe, ga ƙullinka. Me ke sa ta sunkuyo? Kan sanda. Igiya 'yar biyayya ce, ba irinka ba, duk hanyar da kan sanda ya bi nan take bi. In ya tafi a miƙe kamar saman tebur, lafiya lau. In ya nutse a tsakiyar tafiya ya sake tasowa kamar cikin ƙwarya, ita ma sai ta nutse.

Abin da ke nutsar da shi kuwa yawanci fizga ce. Na san hannun gidanku, komai da ƙarfi, ko gwangwani za ku buɗe sai kun ɓalle marfin. Ka tuna yadda nake watsar da ruwan wanke-wanke daga baranda? In na fizgi kwanon tun farko, a ƙafata ruwan zai zube. Sai in fara a hankali, in ƙara, in ƙara, in tsaya cak, ruwan ya tafi har gindin lemo ya sami kyanwar Mihi. Haka jifa take. Ka fara a hankali.

Ka yanko mini wutsiya guda da ƙulle-ƙullenta ka sako a ambulan. Ina so in gani da idona.

Kakarka

Kalgoorlie, 18 ga Maris

Kui,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, sai kafaɗa da ta riƙe.

Na yi yadda kika ce. Kwana uku ina yin komai a hankali, baya a hankali, gaba a hankali, kamar mai rakiyar gawa. Yanzu igiyar ko tashi ba ta yi, a wuyana take faɗowa. 'Yan benci sun raɗa mini suna Mai Taliya. Da na gaji na koma yadda nake yi da, ƙulli suka dawo har da 'yan'uwansu.

Abin da ke ba ni haushi, in kusa ne, taku goma ko sha biyu, jifata tsaf take, ko ke sai kin yaba. Da na saki igiya don in kai nesa sai abin ya lalace. A shinge kuwa kin san kifi ba a gindin ƙafa yake ba.

Ga wutsiyar. Ƙulli bakwai, na yamma ɗaya.

Rewiti

Waitahanui, 30 ga Maris

Mai Taliya,

Na gaishe ka, kuma ka gaishe mini da 'yan benci, mutanen kirki ne masu sanin suna. Sanyi ya fara leƙowa, kifi ya fara taruwa a bakin kogi. Tipene kullum yana wucewa ta ƙofata da biyu a rataye, yana tafe yana tari don in ɗago kai.

Kai ɗan nema, ka fara a hankali na ce, ban ce ka mutu a hankali ba! Ka karanta layin farko ka ninke takardar? Ina "in ƙara, in ƙara, in tsaya cak"? Wannan fa ni da na tsaya aji huɗu na rubuta, kai da ka gama sakandare ka karanta.

Wutsiyarka ta iso. Na shimfiɗa ta a kan tebur na sa tabarau biyu, nawa da na marigayi. Kamar carbi. Na juya ta, na shinshina ta, ba ta gaya mini komai ba sai cewa mai ita yana cikin wahala.

Amma maganar kusa da nesa ta hana ni sukuni. Hannun da ya iya taku goma ba mugun hannu ba ne. Wani abu ne ke rage maka hanya. Doguwar igiya nauyi gare ta, tana lanƙwasa sanda sosai, balle ta Koro mai taushi kamar reshen kogi. Sanda in ta lanƙwashe gajarta take yi, kanta ya yi ƙasa. Sai ka ba ta doguwar hanya, hannu ya yi tafiya mai nisa daga baya zuwa gaba, kan ya daidaita. Gajeriyar igiya, gajeriyar hanya. Doguwa, doguwa.

To me ke rage maka? Akwai katanga a bayanka da kake tsoro? Ko kana sato hannu gaba tun igiya ba ta gama miƙewa a baya ba, kamar yadda kake sato hannu cikin tukunya? Ka waiwaya ka dube ta. Ka gaya mini komai, yadda kake tsayawa, abin da kake sawa, har abin da ka ci. Wayyo, da zan gan ka minti ɗaya tak da na gama da kai. Ga teku a tsakani, ga takarda mai kwana goma sha biyu a hanya.

Kakarka

Kalgoorlie, 1 ga Afrilu

Kui,

Gaisuwa. Ban ga amsarki ba tukuna, amma ba zan iya jira ba.

Jiya na ƙirga, jifa hamsin, ƙulli sha ɗaya. Na zauna a tsakiyar fili har 'yan benci suka daina dariya, ɗaya ya kawo mini ruwa. Kui, ba zan iya ba. Ba zan shiga tsakanin dattawan da suka tsaya da Koro shekara da shekaru in harɗe musu igiya da sandarsa ba. Gara a ce ban zo ba da a ce na zo na zubar masa da mutunci a gurbinsa. Zan naɗe sandar in aiko ta jirgi, ki ba Tipene. Hutun kuma zan mayar. Zan zo Kirsimeti in ga dutsen ni kaɗai.

Abin da ya fi ci mini rai, ban saɓa ko ɗaya daga abin da ya koya mini ba. Gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Sanda kamar hannun agogo, ta tsaya a ƙarfe goma ta tsaya a ƙarfe biyu, kada ta wuce. Littafin kuwa tun da na fara a watan Fabrairu bai faɗo daga hammatata ko sau ɗaya ba. Na riƙe amanarsa, hannun ne ba ni da shi.

Ki yafe mini.

Rewiti

Waitahanui, 12 ga Afrilu

Rewiti,

Gaisuwa a taƙaice. Takardunmu sun yi saɓani a sama, tawa ta tafi taka ta taho.

Wane littafi?

Na ce wane littafi ne a hammatarka? Wata biyu ina fama, na zana maka ƙwarya, na zana maka tebur, na hana kaina barcin rana, ashe kai kana can ka matse littafi a hammata kamar mai wa'azin kasuwa, ba ka ga ya kamata ka ambata ba? Ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa! Yaya hannu zai yi doguwar tafiya an ɗaure shi a turke? Taku goma wuyan hannu ya ishe ka, shi ya sa kusa take yin kyau. Da igiya ta yi tsawo sanda ta lanƙwashe tana neman hanya, kai kuma ka tsare ta tsakanin goma da biyu, ka cika mata ƙarfi a ɗan wannan taƙin. Dole kai ya nutse. Ba bakwai ba, saba'in ma ka ƙulla.

Sannan ka amsa mini wannan, kuma kada ka yi mini ƙarya. Baƙi ne? Mai jan zare a tsakiya, kusurwar bangon ta ƙone kaɗan inda kyandir ya taɓa? In shi ne, littafin waƙoƙin cocina ne, wanda uwata ta ba ni ranar aurena. Ya ɓace shekara sha bakwai da suka wuce, ranar da Mihi ta zo aron gwangwanin gasa burodi. A gaban matan coci na ce da ita mai ɗan hali. Tun ranar ba ta sake taka ɗakina ba, ni ma ban taka nata ba.

Kakan nan naka ya cuce ni, ya cuce ka. Ya ɗaure maka hannu ya tafi ya bar ka a ɗaure, ya zauna yana shan shayi ina zagin ƙanwarsa bai ce uffan ba. Ka ajiye littafin nan yau ɗin nan, ka saki hannunka. Sandar kuma in ka kuskura ka aiko ta, da ita zan tare ka ranar Kirsimeti.

Ripeka

Kalgoorlie, 24 ga Afrilu

Kui,

Na gaishe ki.

Littafin shi ne. Ban san naki ba ne, shi ya sa mini a hammata ya ce in riƙe, na riƙe. Zan aiko miki.

Amma ban ji daɗin abin da kika rubuta ba. Ko shekara bai cika a ƙasa ba kina cewa ya cuce ni. Abu ɗaya tak ya koya mini da hannunsa a kan nawa kafin Mama ta tafi da ni Auckland, shi kike so in jefar. Duk Waitahanui ba wanda ya kai shi jifa. In abin da ya koya mini bai yi ba, ni ne ban yi ba, ba shi ba.

Maganar zuwa tana nan yadda na faɗa.

Rewiti

Waitahanui, 6 ga Mayu

Moko,

Na gaishe ka. Gwiwa ta kumbura, na sha magani, ta saɓe. Dusar ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu.

Na karanta takardarka sau uku. Bakina ya fi ni sauri, haka yake tun ina budurwa, kakanka ya sha shi shekara hamsin da ɗaya bai mutu da shi ba, ciwon zuciya ne ya kai shi. Kada ka koya mini kewarsa. Har yau kofi biyu nake saukewa da safe.

Bari in ba ka labarin da ba ka sani ba, don kai yaro ne lokacin. Bazarar da ka cika tara, hannunka kamar farfelar jirgi yake. Ka kama hular limamin coci da ƙugiya, ka kama kunnen karen maƙwabta, ka kama wandon Koro ta baya har sai da na ɗinke. Ya ce mini, "Ripeka, yaron nan sai an yi masa dabaibayi na ɗan lokaci." Ban san da me ya yi dabaibayin ba sai yanzu. Na ɗan lokaci ya ce. Darasin farko ke nan, na yaro mai igiya taku goma. Kafin a kai na biyu uwarka ta sami aiki ta tafi da kai. Da ka girma kana zuwa hutu, ƙwallo ce a gabanka ba kogi ba. Ba ƙarya ya koya maka ba, wandon ɗan shekara tara ya ɗinka maka, kai ne ka nace sai ka sa shi kana da gemu.

Ba sai ka yarda da ni ba, tsohuwa ce mai baki. Shi za ka tambaya. Hoton nan da ka ciro daga bangon ɗakina ranar da ka ɗauki sandar, kana zaton ban gani ba, wanda yake tsaye a shinge ruwa har ƙugu yana jifa. Na san yana kusa da gadonka. Kullum fuskarsa kake kallo. Yau ka bar fuskar, ka dubi hammatarsa. Ka gaya mini littafi nawa za su zauna a wurin.

Littafina kuma kada ka aiko. Ba na karɓarsa daga hannun ɗan aike.

Kakarka

Waitahanui, 24 ga Mayu

Rewiti,

Gaisuwa. Lafiya lau, sai jira.

Kwana goma sha takwas da aika takardata, na san amsa ba ta isa zuwa ba tukuna, amma zama ya gagare ni. Mai kawo wasiƙu ya fara ɓuya in ya hango ni a bakin titi. Jiya wani dogon kwali ya sauka a shago, na tafi da sandata ina tafe ina haɗa maka zagi, ashe labulen matar malamin makaranta ne.

Mihi ta aiko a tambaye ni ko Tipene ya fara shiri. Na ce a gaya mata jikana yana hanya. Ƙarya ta biyu ke nan da na yi saboda kai, kuma ni ce zan tsaya gaban Ubangiji da su, ba kai ba.

Itacen manuka na ƙyafa kifi na sa an sare an jera. In babu kifi, kai zan ƙyafe.

Kakarka

Kalgoorlie, 27 ga Mayu

Kui,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Ina lafiya.

Kwana biyu na ƙi duba hoton don haushi. Da na duba, Kui, kaza za ta yi ƙwai a hammatarsa ta ƙyanƙyashe. Hannunsa yana can sama bayan kunne, sandar ta wuce ƙarfe biyu nesa ba kusa ba, ya karkata da kafaɗa gaba ɗaya. Wata goma sha ɗaya hoton nan yana kallona.

Na ajiye littafin a kan benci. Kwana uku na farko hannun bai san inda za shi ba, kamar ba nawa ba. Sai na tuna kwanon wanke-wanke. Na ɗebo ruwa a bokiti na yi ta watsawa a bayan masauki har mai dafa mana abinci ya ce ko an yi mini asiri ne. Daga nan na koma sanda. Na ƙi rubutowa sai na tabbata. Jiya jifa hamsin, taku ashirin da biyar, ƙulli ɗaya. Na ga ƙafar sama tana bi ta kan ta ƙasa har ƙarshe. 'Yan benci sun tafa, amma sun ce sunan ba zai canza ba.

Hutun ban mayar ba, dama ban iya kai takardar ofis ba. Laraba sha uku. Ki sauke kofi biyu.

Rewiti

Waitahanui, 25 ga Yuni

Mai Taliya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka lafiya. Gida ya yi shiru. Ka manta safarka guda a bayan murhu, ba zan aiko ba, ka zo ka ɗauka.

Akwai abin da ba ka gani ba don ka ba mu baya, kuma kwanakin nan hayaniya ba ta bar ni na gaya maka ba. Asubar Alhamis da ka shiga ruwa, ina zaune a gaɓa cikin bargo, Mihi tana can gefe taku goma da nata bargon. Jifarka ta farko ka fizga, na ji ƙarar harɗewar tun daga inda nake. Na ga ka tsaya, ka jawo, ka yanke wutsiyar ka sa a aljihu, ka ɗaura sabuwa ba gaggawa. Ba wanda ya matsa. Ta biyu kuwa da hannun nan ya tashi sama, kafaɗa ta karkata, sai na ji Mihi ta ce, "Yaya!" Ba da ni take ba, yayanta ta gani a jikinka. Ta rufe baki da bargo.

Na tashi da gwiwar nan tawa na taka taku goman. Na ce, "Mihi, littafin ya fito. A hammatar jikana yake." Ta dube ni ta dube ni, ta ce, "Shekara sha bakwai, Ripeka." Na ce na sani. Ta ce, "To matso, bargonki ya fi nawa kauri." Jiya ta shigo har ɗaki ta sha shayi, ta ce burodina ya yi gishiri.

Huɗu ka kama a kwana biyu, Tipene shida, kada kanka ya kumbura. Amma naka aka fara ɗorawa a tebur, kuma dattawa sun ce sandar ta zauna inda take.

Yanzu littafin. Da ka miƙo mini shi a bakin kabari ban buɗe sosai ba, waƙar a kaina take. Duk wanda ke layinmu dai ya ji warin hammatar da littafin ya yi zamansa, matar limami har da atishawa. Sai shekaranjiya na zauna ina shanya shi shafi-shafi. A cikin bangon baya, da fensir, da rubutun nan nasa kamar tafiyar kaza: "Ripeka, aro na yi wa yaro. Zan dawo da shi ranar Lahadi. E."

Ka ji mutum! Wa ke rubuta takardar aro a cikin abin da ya ara? Ya ga ka tafi da shi Auckland, ya ji na zagi Mihi, tsoron bakina ya hana shi magana, ya bar abin ya yi ta tsufa. In na je can sai mun yi ta, ka bar ni da shi.

Wutsiyar nan ta jifar farko na ciro ta daga aljihunka kafin in wanke rigar. Ƙulli ɗaya ne, ƙarami. Jan zaren littafin ya tsinke, ita na sa a madadinsa, a shafin waƙar da muka yi masa.

Na dai duba kalanda. Sha bakwai ga Yuni Lahadi ce. Bai faɗi wace Lahadi ba.

Kakarka,
Ripeka